Gwiwar Yaya da Furar Bakin Mashaya

Mu ba mahauta ba ne, a gidanmu ba a gaji dambe ba. Kakanmu kanwa yake kawowa a kan jakuna daga wajen Tafkin Chadi, har hanya ta gundure shi ya zauna a Haɗejiya. Inna, mahaifiyarmu, har yau tana da tiren kanwa a zaure, ungurnu gefe guda, jar kanwa gefe guda. Da yayana ya fara naɗe hannu yana shiga fili, cewa ta yi duk dangi ba a taɓa samun wanda ya ɗauki shan duka sana'a ba sai shi.

A dambe, in gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, ko da dariya kake yi. Yaya ya shafe shekaru yana wasa daga Haɗejiya zuwa Jahun zuwa Birniwa. An fasa masa baki, an kumbura masa ido, amma gwiwarsa ba ta taɓa sauka ba. Makaɗinsa, wani tsoho mai kalangu da haƙori ɗaya a gaba, ya sa abin a waƙarsa: "Gwiwa ba ta san ƙasa ba, sai a sallah." In aka zo wannan layin, Yaya yakan sunkuyar da kai kamar bai ji ba, alhali shi yake jira tun farkon kiɗan.

Ni aikina babur. Ni ke kai shi, ni ke dawo da shi, don haka ni na fara ganin abin da 'yan kallo ba su gani. Shekaru sun soma karɓar kayansu. A turmi na uku, wato zagaye na ƙarshe, kafaɗarsa takan yi nauyi, hannun ya riƙa tashi a makare. Washegari kuma sai na kama shi kafin ya miƙe daga tabarma. Ran nan Inna ta same shi yana sallah a zaune, ta jira har ya sallame. Ya yi mata alkawari in an gama yankan shinkafar bana zai yi wasa ɗaya, ya kwance hannu. Burinsa ɗaya ne, ya bar fili da waƙarsa cikakkiya.

A teburin mai shayi wani ya nuna masa bidiyo a waya. Wai masu damben keji na ƙasashen waje suna shan bekin soda kafin wasa, farar hodar nan da masu burodi da cincin ke sawa. Wai tana kashe tsamin da ke taruwa a tsoka in mutum ya gaji, kuma ana saurin wartsakewa. Yaya ya dawo gida da ilimi. Ya gaya wa Inna cewa hodar dangin kanwa ce, ashe tun zamanin kakanmu muna zaune a kan maganin ƙarfi ba mu sani ba.

Inna ta ce, "To ga ta nan a zaure, ɗebi."

Ya ce, "Ba wannan ba, Inna. Tatacciya."

Ta ce, "Ni dai laushi na san kanwa tana sa wa wake." Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ya sayo ƙulli guda a kasuwa. Yakan zuba rabin cokali a ruwa da safe, ya shanye yana yamutsa fuska, ya jira rana ta ɗaga, sannan ya fita gudu a bakin kogi. Na ɗanɗana sau ɗaya, kamar ruwan wanki ne aka sa wa gishiri. Shi kuwa ya rantse kafaɗar ta daina zafi da wuri. Ban musa ba, wataƙila gaskiya ne, don na ga ya daɗe yana dukan buhun yashi fiye da da. Abin da zan iya shaida a kai shi ne gyatsa. In ya yi ta a tsakar gida, kaji sukan ɗaga kai.

Wasan ƙarshe a wani ƙauye ne gaba da Auyo, sai an haye ruwa. Yaya yana da al'ada, ba ya shiga fili sai ya sha fura da nono, kuma a bakin mashayar da ake shiga kwalekwale akwai wata Bafulatana da ke dama masa. Ranar bai sha hodarsa da safe ba, wai yana so ta shiga fili da ƙarfinta. Nonon kuwa ya kwana, tsaminsa har cikin kunne. Ya kwance ƙullin, ya ce tunda na ƙarshe ne ba rowa, ya zuba cokali uku cike a cikin ƙwaryar don fura ta ɓoye ɗanɗanon.

Furar ta fara kumfa tana hawa. Bafulatanar ta ja da baya, ta ce a dai dawo mata da ƙwaryarta.

Na ce, "Yaya, furar nan tafasa take ba wuta."

Ya ce, "Aikinta ke nan."

Ya kafa kai ya shanye da sauri don kada ta zube. Raina bai so ba, amma ƙani ba ya ƙwace ƙwarya a hannun wa, balle wan da hannunsa na dama abin da ya sa aka san shi ne.

Muka ɗora babur a kwalekwale muka haye. Daga can sai hanyar cikin gonakin shinkafa, duk kunya-kunya da ramukan da ruwa ya bari. Ina jin cikinsa a bayana yana ƙara tauri. Can ya taɓa kafaɗata ya ce, "Yi a hankali." Tunda nake ɗaukarsa bai taɓa faɗa mini haka ba, kullum cewa yake ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Muka isa bayan la'asar, fili ya cika. Aka naɗe masa hannu da zare, ya ɗaura gurunsa a ƙugu, a daidai ƙullin da ya saba. Gurun nan in an ɗaura ba a kwancewa sai an tashi wasa, haka wanda ya ba shi ya ce. Na ga fatar ta nutse cikin naman cikinsa. Na raɗa masa ya sassauta, ya harare ni.

Abokin karawarsa wani matashi ne masunci, dogo, wanda aka ce tun yana ƙarami yake bin wasannin Yaya. Tsoho ya saki kalangu, ya zo kan layin gwiwa, fili ya ɗauka. A turmin farko Yaya ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Hannun yana tashi a kan lokaci, har ya sa yaron ya yi tangaɗi. Sai dai na lura yana buɗe baki yana neman gyatsa, ita kuwa ta ƙi zuwa. Gumin da ke fuskarsa ba na wasa ba ne.

A turmi na biyu suka tsaya suna auna juna, kowa ya miƙa hannun hagu. Yaya ya ƙara ranƙwafawa. 'Yan kallo suka ɗauka sabon salo ne, wasu har da tafi. Ya ƙara ranƙwafawa. Daga nan ya kai hannun hagun ya dafe ciki, gwiwarsa ta dama ta sauka a hankali ta zauna a kan yashi. Yaron yana tsaye da hannu a sama, bai taɓa shi ba. Ya sauke hannun, ya durƙusa ya ce, "Baba, lafiya?" A lokacin ne gyatsar ta zo, kuma duk filin ya ji ta, saboda kalangu ya yi shiru.

Wasu suka yi dariya, ban ga laifinsu ba. Ni dai na ji kamar in yi kuka a gaban mutane. Na shiga na yanke gurun da wuƙa, ban tambayi kowa ba, na kai shi bayan wata bukka inda ya daɗe.

Kafin ya fito gardama ta kaure. Mutanenmu suka ce ba kisa ba ne tunda ba naushi. Shi kansa yaron ya ce bai karɓa ba, a sake wasan wata rana. Yaya ya fito yana dafe da bango, ya saurare su, ya ce, "Gwiwa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba?" Aka ce ta taɓa. Ya ce, "To kisa ne." Ya miƙa mini hannu na warware zaren, bai sake naɗawa ba.

A gida Inna ba ta ce ai na faɗa ba. Ta dama masa kunu mara tsami, ta ɗauke ragowar ƙullin ta ba maƙwabciyarmu mai cincin.

Bayan sati tsohon makaɗin ya zo gaishe shi. Ya ce shi waƙarsa ba za ta canza ba, mutum bai kashe Yaya ba, fura ce. Yaya ya ce, "Baba, cire layin." Tsohon ya yi ta roƙo, Yaya ya kafe a kan bakansa.

Da aka yi sunan ɗan Yaya na ƙarshe, tsohon ya zo da kalangunsa ya tsaya a ƙofar gida. Ya ɗauko waƙar daga farko. Da ya iso wurin sai ya rufe baki, ya bar kalangu ya faɗi layin shi kaɗai, sannan ya ci gaba da baitin gaba. Ina zaune kusa da Yaya a kan tabarma. Ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, hannunsa a kan gwiwar, leɓɓansa suna motsi.