Awon Kayan Inna

Bazara ce, irin wadda tabkin Kalmalo ke ja da baya har masunta su taka laka kafin su kai ga ruwa. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma a Illela kowa gani yake abin da a da sai masu hali yanzu ya sauko kusa da talaka. Har jirgin sama.

Kamfanin jirgin na wasu fatake ne da suka daɗe suna kai alhazai a manyan motoci ta Cadi da Sudan. Da suka ga hanya na cinye tsofaffi, sai suka haɗa kai suka yi hayar wani tsohon jirgi daga Kano zuwa Jidda. Araharsa ce ta fito da shi. Ba abinci a ciki, ba tsayayyar ranar tashi, sai ya cika. Ba su buɗe ofis a garuruwa ba, wakilai suka naɗa. Kafin a jima suka ƙara jirgi na biyu, mutanen Konni ma suka riƙa tsallakowa daga Nijar da kuɗinsu na sefa.

Wakilinmu wani Alhaji ne mai fataucin goro, abokin marigayi babana. A zaurensa ake auna kayan maniyyata, da sikelin goronsa mai ƙugiya.

Innata ta sayar da shanunta ta yanki kujera. Haƙoranta sun ƙare, cikinta kuma ba ya karɓar komai sai gero. Mako guda na yi ina daka mata gumba, ga goyo a bayana. Ranar awo ni na ɗaukar mata kayan, muka je tare.

Alhaji ya rataya ƙunshin, ya dubi allurar sikeli, ya girgiza kai.

"Inna, jirgi ba raƙumi ba ne. Wanga kaya ya yi yawa."

"Alhaji, gumba ce. Ita kaɗai cikina ka amsa."

"Can akwai burodi, akwai shinkafa. Ko so kike jirgi ya faɗo da bayin Allah saboda gumba?"

Zaure ya kwashe da dariya, har Inna ta murmusa. Ya rubuta nauyin da ya ce doka ta yarda da shi da alli a jikin buhun. Na kwashe fiye da rabin gumbar na mayar gida. Har godiya na yi masa, na durƙusa. Wannan godiyar ce ke ci mini rai har yau.

Sun yi kwanaki a Kano suna jiran jirgi ya cika, a nan guzurin ya soma ƙarewa. Inna ta sauke farali, amma da ta dawo sai da aka ɗauko ta daga mota. Tana kwance take ba ni labari, cewa a Kano an kira sunanta an haɗa ƙunshinta da wani huhun goro, Alhaji ya ce kayan kamfani ne. Duk tsofaffin matan haka aka yi musu. Ba ta ga geron wannan daminar ba.

Bayan sadakar arba'in na buɗe adudunta na tarar da takardar jirgin. Na yi ajin yaƙi da jahilci, ban san Turanci ba amma na san lamba. Lambar da ke gefen zanen jaka ba ita ce Alhaji ya rubuta da alli ba, ta ninka ta. Na kai wa malamarmu, ta nuna wa mijinta malamin firamare, ya ce haka ne, wannan shi ne nauyin da kowane fasinja ke da shi. Wato rabin rabon Inna goron Alhaji ne ya hau jirgi da shi.

Daga su ban ƙara gaya wa kowa ba. Da Sallah na aika masa da tuwo kamar yadda muka saba. Na jira har aka soma rubuta sunayen maniyyatan baɗi, sannan na nemi izinin maigidana na je zauren, lokacin da ba kowa.

"A'a, ɗiyata ce? Ya haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji. Wata lamba na zo ka karanta mini."

Ya dubi takardar, bai karɓa ba.

"Mi kika sani game da jirgi? Karatun wata uku ƙarƙashin rumfa, har kin zama akawu?"

"Ban zama ba. Ƙirga kawai anka koya mana."

"Kwananta ya ƙare, ɗiyata. Goro bai kashe kowa."

"Haka ne, Alhaji. Nawa ya yi maka a Makka?"

Ya ɗauki carbinsa ya juya mini baya.

Da na faɗa wa maigidana ya ce in bar shi da Allah. Na ce hisabi na bar wa Allah, amma zauren nan ni zan kwashe masa mutane ɗaya bayan ɗaya, har kamfani ya tambayi dalili. Ba na son ya ba ni haƙuri. So nake ya zauna shi da sikelinsa yana sauraren takun mutane suna wuce ƙofarsa. Sai maigidana ya ce ya ji matan ƙauyen Araba ne suka fi yawa a rubutun bana.

Washegari da na idar da sallar asuba na goya ƙaramata, na sa takardar da guntun alli a lalita, na kama hanyar Araba. Gidan farko wata tsohuwa maniyyaciya na tarar tana sheƙar gero. Na gaishe ta, na nemi aron faifai, na kifa shi a ƙasa na rubuta mata lambar da girma.

"Inna, ki dubi wagga da kyau," na ce. "Sai kin iya gane ta ko a hannun wa, sannan in tashi."