Hankalin Sa Biyu Ne, In Ji Takarda

Ƙanena malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi. Ni ban wuce aji uku ba. Noma nike wajen Dumega, da rani in yi jigilar bulo da amalanke. Shanu biyu gare ni a lokacin, ja da fari, shekara shida suna jan kaya a karkiya guda.

Wata Lahadi na kai wa ƙanen nawa gero, na iske shi da abokansa ma'aikata bisa tabarma, an baza takardu, suna jefa ƙwayoyi irin na ludo. Na zaci caca ce. Ya ce a'a, wasan labari ne: kowa ya zaɓi abin da zai zama, maharbi ko mayaƙi, ƙwaya ta yanke abin da zai same shi. Kowace halitta da lambobinta a takarda, na ƙarfi, na gudu, na hankali.

Na ce, "Sa fa, nawa anka ba shi?"

Ya duba. "Ƙarfi dai ya fi ka, Yaya. Hankali biyu."

"Mutum fa?"

"Goma."

"Har kai?"

Sunka yi dariya. Wani mai tabarau ya ce, "Baba, biyun ma alfarma ce. Dabba na jin yunwa, tana jin sanda. Amma ba ta san ita ce ita ba, balle ta san wani."

Na aje gero na kama hanya. Maganar masu boko ko ba ka yarda ba sai ta biyo ka gida.

Gab da shuka, muna gangara wani kwari da lodi, jan ya zame ya faɗi, karkiya ta murɗe mishi wuya. Ido ya fara juyawa. In ban yi sauri ba mushe zai zama.

Tun ina yaro na san ƙa'ida. Ba a wasa wuƙa gaban dabba, ba a yanka ta ɗan'uwanta na kallo. Tsohonmu har bayan danga yake sa a ja ɗayan. Wani dattijo da ya tsaya taimakona ya ce, "Malam, kwance farin tukuna, mu kai shi bayan geza."

Na ce, "Bari, bai san komi ba."

Ban taɓa faɗin haka ba a rayuwata. Biyun nan ce ta fito bakina. Na yi bisimilla na yanka, jini ya wanke wa farin kofato. Bai fizga ba, bai yi kuka ba. Ya sunkuya ya shinshina, ya tsaya.

Daga ranar ya bar ci. Na kawo dusa, na kawo harawa, na jiƙa kanwa. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce bai ga ciwo ba. In ya kwanta sai ya matsa gefe, ya bar wurin jan. In matata ta kai ruwa yakan ɗan kurɓa. In ni ne, sai ya juya kai ga bango. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ruwa ya sauka, maƙwabta sunka shiga huɗa, ni kuwa shi kaɗai ya rage mini. Na aro san wani na haɗa su. Karkiya na taɓa wuyansa ya durƙushe. Na buge shi, Allah ya gafarta mini. Bai tashi ba.

Da haƙarƙari ya fito sarai, na kira mahauci. Ni na riƙe igiya har anka kayar da shi, sannan mahaucin ya dube ni ya ce, "Maigida, koma bayan danga." Na koma.

Shekarar da hannu munka yi noma, rabin gona ya kwana ba a nome ba. Ƙanena ya zo jaje, ya ji labari. Can ya ce, "Yaya, wasa ne fa. Lambar don a san yadda za a jefa ƙwaya ce kawai."

Na ce na sani. Ba takarda ta riƙe wuƙar ba.