Kunne a Jikin Doki

A gidanmu na Agege, in an idar da magariba, kakata Iya Dije takan hura kurfoti a tsakar gida ta gasa mana masara tana yi mana tatsuniya. Idan jirgin ƙasa ya zo wucewa sai ta dakata har ya gama ƙararsa, sannan ta ce, "To, ya gama tasa, ga tawa ta iso."

Wadda na fi so ita ce ta falken goro da dokinsa ya kwanta a zango yana birgima. Maza suka taru, suka sa ƙarfe a wuta za su yi masa lalas. Sai wata mai sayar da tuwo ta ratsa su, ta durƙusa, ta manna kunnenta a cikin dokin. A nan Iya kan cafke wanda ya fi kusa da ita, ta kafa kunne a tumbinsa, mu kuwa muna ta ƙyalƙyala dariya.

Sai ta ce da muryar mai tuwon, "Ku yi mini shiru! Cikin nan ba ya magana. Ku mayar da ƙarfenku, ku tashe shi ya taka."

Aka yi ta zagayawa da shi har cikin ya yi ƙugi, doki ya warke.

Da na ce zan karanta likitancin dabbobi, kawunaina suka ce mace sai dai kaji. Na tafi Arewa na yi shekaruna, mu mata biyu a aji. Aikina na farko a wata bargar dawakin wasan folo ne kusa da Obalende. Satina uku, wata goɗiya ta kamu da ciwon ciki. Na tarar da babban mai kula da barga, Baba Ɗanjuma, ya jiƙa kanwa za a ɗura mata, ga ƙarfe a wuta.

"Baba, a dakata in saurara."

"'Yata, doki ba akuya ba ne. Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

"Na sani, Baba. Amma ƙarfen nan sai ya bi ta kaina kafin ya taɓa ta."

Oga mai goɗiyar ya ce da Yarbanci, yana zaton ba na ji, in ta mutu in tattara kayana. Na amsa masa da Yarbancin cewa na yarda. Na kafa abin sauraro a gefen cikinta: shiru. Na zura mata tiyo ta hanci, na ba ta ruwa da mai, na hana abinci, na kama linzami da kaina. Muka yi ta zagaye cikin rana har la'asar, ƙafata duk ta yi bororo. Can ta ɗaga wutsiya ta saki iska mai ƙarfi, kashi ya biyo.

Baba Ɗanjuma ya zuba wa garwashin ruwa. "Likita, zo ki zauna," ya ce.

Daga baya na yi aiki a Sudan, da Maroko, da Ajantina. Na ji ana gardama a kan doki da Larabci, da Faransanci, da Sifaniyanci, kuma ko'ina masu surutu sun fi masu saurare yawa. Iya ba ta taɓa hawa doki ba. A da na ɗauka tatsuniyarta a kan magani ce. Yanzu na gane ratsa mazan nan take koya mini. Har yau, in na shiga barga, kalmata ta farko tata ce: ku yi mini shiru.