Rigar Duwatsun Kakan Munirat

Duk matar da ta aurar da 'ya a unguwar Harra ta Yamma da ke Madina ta san gidan Hajiya Munirat, domin ita ce mai ɗinka duwatsun ado a jikin kayan amare. A Madina aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Yarbawa, ya bi ayarin alhazai ta Kano da Sudan, ya auri Bakanuwa a hanya, har Hausa ta zama harshen gidansa.

Abin da ya bari kawai wata gajeriyar riga ce mai nauyi, an rufe ta gaba da baya da ƙananan duwatsu, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. A ƙirjinta akwai fuskoki biyu masu manyan idanu, a kafaɗu kuma tsuntsaye. Saboda fuskokin nan mahaifiyar Munirat ba ta taɓa bari baƙo ya gan ta ba. Takan ce, "Kada a ce muna ajiye gumaka a garin Manzo." Da rigar ta dawo hannun Munirat, ita ma sai ta ci gaba da ɓoye ta a ƙasan akwati.

Bara ne 'yarta Rumaisa ta ɗauki hoton rigar ta saka a intanet, ba da saninta ba. Sai ga yarinyar ta shigo da murna, tana magana da Larabci kamar kullum.

"Ya ummi, wani mai tara kayan tarihi ne a Dubai. Ya ce irin wannan a gilashi ake rataye ta, mutane su zo kallo. Yana so ya saya."

Munirat ta daka mata tsawa. "Goge hoton nan! Yanzun nan!"

Amma ya riga ya yaɗu. Ba a jima ba wani saƙon ya zo daga Nijeriya: wani dattijo, Alhaji Abdulrauf, ya ce rigar ta gidansu ce, ta ɓace tun zamanin kakanni, kuma yana nan tafe Umra.

Tun daga ranar Munirat ba ta ƙara cin abincin kirki ba. Ashe sato ta kakanta ya yi? In maganar ta kai ga hukuma fa? Me maƙwabta za su ce? Ko mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa ta taga. Har ta jera duwatsu a karkace a rigar wata amarya, abin da ba ta taɓa yi ba, dole ta warware.

Wata rana bayan La'asar dattijon ya iso tare da matarsa. Hausarsa irin ta wanda ya koya a kasuwa ce. Munirat ta kawo shayi da dabino, sannan ta shimfiɗa rigar a gabansa. Ya daɗe yana kallo bai taɓa ba.

"Alhaji, ka faɗa mini gaskiya," in ji ta. "Sato ta aka yi?"

"Subhanallahi! Ta kakanki ce. Yayan kakana ne. An ba shi ita ranar da aka naɗa shi sarauta, ya ce bari ya sauke farali ya dawo. Mahaifiyarsa ta rasu tana jiran sa. Mu mun ɗauka a hanya ya mutu." Ya share ido da gefen hannun riga. "Ashe muna da jini a Madina."

Munirat ta sauke numfashi, amma hankalinta bai kwanta ba. "To karɓa kuka zo yi?"

"Ba zan ɓoye miki ba, 'yar'uwa. Mutanen gida sun ce kada in koma babu ita. Ba ma so ta faɗa hannun masu saye, ta ƙare a bangon wani baƙo."

Ta ɗaga rigar don ya ga bayanta, sai zaren kafaɗa ya tsinke. Duwatsu suka zube a kan darduma, tsuntsu ɗaya ya rasa fiffike. Duk suka durƙusa suna tsinta, har da dattijon.

"Ba za ta jure tafiya a haka ba," in ji Munirat. "Ka bar ni in gyara ta tukuna."

Ya amince, ya ce in Allah ya kai rai zai dawo baɗi. Mutumin Dubai ya ci gaba da kira har ta sa Rumaisa ta ce masa magana ta ƙare, ba ta sayarwa ba ce.

Yanzu kowace safiya, kafin ta taɓa kayan amare, takan zauna kusa da taga tana sake wa rigar zare. Idanunta sun fara rauni, Rumaisa ce ke zura mata allura. Aikin ya wuce rabi. Dattijon yakan bugo waya ya gaishe ta, ba ya tambayar rigar. Ita ma ba ta tayar masa da maganarta, domin har yau ba ta san abin da za ta yi ba ranar da ya yi sallama a ƙofar gidanta.