Motar da Aka Gina wa Bango

Shekara talatin Tsoho Direba ya yi yana jan motar ofis. Da ya yi ritaya aka sallame shi da ita, wata tsohuwar mota mai shan dizal. Ya shigar da ita gareji, ya ce ta huta. Shekara goma sha ɗaya yana goge ta kullum, amma bai taɓa murɗa makulli ba.

Ran nan surukinsa ya ce ai injin ya daɗe da mutuwa. Ran Tsoho ya ɓaci, ya kira makanike. Aka zubar da tsohon mai, aka sa sabon batir, aka kwashe gidan ɓera. A murɗawa ta bakwai motar ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin, Tsoho na hawaye yana dariya.

Matarsa ta leƙo, ta toshe hanci da mayafi. "Sannu da aiki, Malam. To ta ina za ta fita?"

Sai a lokacin ya tuna. Shi da kansa ya sa aka toshe babbar ƙofar da bulo saboda ɓarayi, aka bar 'yar ƙofar da mutum ke shiga a karkace.

"Wa ya ce miki fita za ta yi?" in ji shi.

Har yau kullum da safe yakan tayar da ita, ya gyara madubi, ya kunna sigina, ya danna wa bango hon.