Ranar da Motar Kawuna Ta Ratsa Lakar Walia

Shekarun baya, can farkon shekarun casa'in, lokacin da aikin Hajji yake faɗowa a goshin damina, ina cikin wata majalisa ta mahaukatan mota a unguwar Sabangali. Na ce mahaukata domin ban da wata kalmar da ta fi dacewa da mu. Mu wajen takwas ne, muna zama gindin wata bishiyar maina kusa da wani gareji, mu sha shayi mu yi ta gardama. A cikinmu mutum biyu kaɗai suka taɓa mallakar abu mai taya huɗu. Ni mobilet gare ni, 'yar ƙaramar babur, wadda sai an tura ta take tashi. Amma in ka ji ni ina bayanin inji, sai ka rantse a Japan aka yanke mini cibiya.

Sarkin majalisar shi ne abokina. Direban wani attajiri ne, kuma motar da yake ja irin manyan kat-kat ɗin nan ce, masu ja da duka taya huɗu, fara ƙal, mai sanyi a ciki, tagoginta da ɗan yatsa ake ɗaga su. Ba tasa ba ce, amma yadda yake maganarta ka ce tare aka haife su.

Ana nan sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya sayi mota. Aikinsa allurar dabbobi, kullum yana yawon ƙauyuka. Wata 'yar ƙaramar kat-kat ce ta Rasha, mai ƙofa biyu, ya same ta da arha a hannun wasu Turawa da suka gama aiki za su koma gida. Launinta ya koɗe ya zama kamar kunun kanwa. Babu rediyo, babu sanyi, taga da hannu ake murɗa ta, sitiyari kuwa sai ka ci ka ƙoshi. Ranar da ya fara tsayawa da ita a majalisa, abokina ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa.

"Kawu, wannan mota ce ko gwangwanin tumatir? Wallahi tayoyin tamu kaɗai sun fi ta kuɗi."

Mai garejin, wanda shi kaɗai yake kare irin waɗannan motoci, ya ce, "Ku yara ba ku san mota ba. Mota ita ce wadda in ta tsaya a daji za ka buɗe ka gane abin da kake gani. Taku in ta yi tari sai an aika waje."

"To ai tamu ba ta tari," in ji abokina. Muka fashe da dariya.

Kawu ya shanye shayinsa. Ya ajiye kofi, ya ce, "Tana kai ni, tana dawo da ni." Ya shiga ya tafi.

Gardamar nan mun fi wata uku muna yinta. Ni ina bayan abokina, ɗari bisa ɗari. Kai, har in Kawu ya rage mini hanya daga unguwarsu, Moursal, sai in ce ya sauke ni kafin kwana, wai zan sayi goro. Ya san ba na cin goro. Bai taɓa ce mini kanzil ba.

Shekarar nan ce mahaifin abokina ya samu kujerar Hajji. Dole in gaya muku abin da wannan yake nufi a gidansu. Kakan tsohon nan ya baro ƙasar Hausa da ƙafa, da niyyar Makka. Da ya iso nan bakin kogin Chari guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi noman shekara ɗaya ya wuce. A nan aka binne shi. Ɗansa ma ya yi ta cewa baɗi, har shi ma ƙasa ta rufe masa ido. Yanzu ga jikan, ya haura saba'in, tela ne mai ɗinkin hula, shi ne na farko da zai ƙarasa tafiyar. Duk unguwa maganar ake yi.

Saura kwana biyu tashi, tsohon ya ce sai ya je ya nemi gafarar ƙanwarsa, wadda take aure a wani ƙauye can bayan unguwar Walia, a tsallaken kogi. Aka ce ya bari a aika mata, ya ƙi. Aka kai shi, da cewa abokina zai ɗauko shi da safiyar ranar tafiya, tunda an ce alhazai su kasance a filin jirgi kafin la'asar. Jakarsa da takardunsa suna gida wajen matarsa.

Da asubar ranar aka tsuge da ruwa. Ruwan farko mai ƙarfi na shekarar, ya yi ta zuba har hantsi.

Abokina ya biyo mini da babbar motar, maigidansa ya ba shi aro. Muka tsallake gada, muka wuce Walia, muka sauka daga kwalta. Wanda ya san baƙar lakar wajen nan ya san abin da nake faɗa: da rani ta fi dutse tauri, in ta sha ruwa kuwa ta zama sabulu a sama, danƙo a ƙasa. Abokina yana cewa, "Yau za ka ga aiki." Na kuwa gani. Mun yi tafiya mai ɗan nisa lafiya, sai muka zo wata fadama. Motar ta yi gefe, ya taka, ta yi gurnani, ya sake takawa. Kafin mu ankara ta zauna da cikinta kamar saniyar da ta gaji. Ko ƙofa da ƙyar muka buɗe.

Muka tona da hannu, muka cusa rassa, wasu manoma suka zo suka tura. Ko motsi. Na dubi abokina. Bai dubi fuskata ba ya ce, "Je ka kira Kawu."

Na cire takalma na yi gudu har kwalta, na samu mota zuwa Moursal. Na tarar da Kawu yana shan kunu. Na zayyana masa komai a tsaye, ina haki. Na zaci zai yi ko murmushi ne, irin na "ai na faɗa". Tambaya ɗaya ya yi: "Ruwan ya kai ina a jikinka?" Na nuna masa gwiwa. Ya ce, "Ɗauko tsofaffin tabarmin nan biyu, da igiya, da shebur."

Da muka sauka daga kwalta ya tsaya, ya zagaya ya rage wa tayoyi iska ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai alwala. Ni kuwa ina ta kallon rana. Ya shigo, ya ja wani ɗan ƙarfe kusa da giya, motar ta canza murya, ya ce bismillahi.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba gudu take yi ba, tafiyar ɗan tsako ce. Amma ba ta tsayawa. Tana santsi, gindinta ya yi hagu, Kawu ya ɗan juya hannu, ta dawo. Inda babbar mota ta nutse saboda nauyi, ita sai ta bi ta saman laka kamar kwaɗo. Bai bi sawun kowa ba, inda ciyawa take yake bi. Muka iso wajen abokina, yana zaune a kan murfin injin motarsa, laka har wuya. Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "Shigo, ɗana. Wannan a bar ta ta huta." Abokina ya lanƙwashe ya shiga baya, ya zauna a kan tabarmi.

Ba mu kai ƙauyen ba. Muna hawa wani ɗan tudu muka hango mutum shi kaɗai a tsakiyar fili, yana tahowa. Ya naɗe babbar rigarsa ya ɗaure a ƙugu, takalma a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. Kowane taku sai ya tsaya ya zaro ƙafarsa daga laka. Tsohon ne. Da ya ga rana ta ɗaga ba a zo ba, sai ya yi sallama da ƙanwarsa ya kamo hanya.

Abokina ya dira ya ruga. "Baba! Da ƙafa? Ina za ka kai da ƙafa?"

Tsohon yana numfashi sama-sama ya ce, "To zama zan yi? Zama ne ya cinye kakana da ubana. Na ce ko ban kai ba, Allah ya gan ni a kan hanya."

Kawu ya fito, ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe masa gaba. "Bismillah, Malam. Kujerar ba ta da laushi, a yi haƙuri."

A dawowa ne abin ya so ya lalace. Akwai wani kwari da muka ratsa ɗazu ruwa iya ƙauri, yanzu ruwan tudu ya gangaro ya cika shi, ja wur, yana gudu. Kawu ya karɓi sandar tsohon, ya shiga da ƙafa yana aunawa har ya tsallake, ya dawo. Ya ce, "Ku ɗaga ƙafafunku." Muka shiga. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya rufe mana idon sawu. Ina jin motar tana so ta bi ruwa, Kawu yana riƙe da ita. Saura kaɗan mu fita, tayoyin gaba sun fara hawa gaɓa, sai ta yi tari biyu ta mutu.

Shiru. Sai ƙarar ruwa, da tsohon yana ta hasbunallahu ƙasa-ƙasa.

Kawu ya murɗa makulli, ba ta amsa ba. Ya sauka cikin ruwa ya ɗaga murfin inji. Na bi shi ina cewa, "Kawu, shi ke nan ko?" Bai kula ni ba. Ya ɓalle wani ɗan murfi mai wayoyi, wanda makanikai ke kira delko, ya warware rawaninsa ya goge cikinsa tas, ya hura, ya goge wayoyin ɗaya-ɗaya, ya mayar. Sai ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe daga bayan kujera, ya zura shi ta gaban motar. Manibel ke nan, da shi ake murɗa inji da hannu in makulli ya ƙi. Ni da na ƙware a zancen mota, ranar na fara ganinsa da idona.

"Kai ne mai ƙarfi," in ji Kawu. "Murɗa. Ka kiyayi babban yatsanka."

Na murɗa, na farko ƙarfen ya kusa jefa ni ruwa. Na biyu, shiru. Abokina ya fito ya tsaya bayana yana cewa, "Don Allah, don Annabi." Ban san ko da ni yake ko da motar ba. A na huɗu ta yi atishawa, ta girgiza, ta kama. Wallahi na ji kukan injina da yawa a rayuwata, ban taɓa jin mai daɗin wannan ba. Muka shimfiɗa tabarmi a gaɓa, muka tura, ta haye.

Mun isa filin jirgi ana shirin kiran la'asar. Layin alhazai ya kusa ƙarewa, matar tsohon tana tsaye da jaka tana kuka, 'yan unguwa sun kewaye ta. Sai ga 'yar motar nan ta kutso tsakanin manyan motoci, ba a ganin launinta don laka, ciyawa na lilo a ƙarƙashinta. Aka yi ta kabbara. Aka kawo buta aka wanke wa tsohon ƙafafu a nan bakin ƙofa, aka zura masa wata riga a kan ta jikinsa. Kafin ya shiga ya juyo, ya dafa motar da tafin hannu, ya daɗe bakinsa yana motsi. Sannan ya riƙe hannun Kawu.

Kawu ya ce, "Allah ya kai lafiya, Alhaji."

"Tukuna dai," in ji tsohon, yana dariya da hawaye. "Amma an kusa."

Ba mu tafi ba sai da jirgin ya tashi, gab da magariba. Muna tsaye mu uku a jikin motar, laka ta bushe a jikinmu tana tsagewa, muka bi shi da ido ya yi gabas har ya ɓace. Abokina ya rufe fuska da hannu. Kawu ya ce, "Ku shiga in kai ku gida, iyayenku mata za su ce na sayar da ku."

Babbar motar sai washegari aka jawo ta da tarakta. Tsohon ya yi Hajjinsa, ya dawo lafiya, ya ƙara shekara huɗu a duniya ana kiransa Alhaji.

Kada ku zaci na tuba daga son manyan motoci. Da Allah ya hore mini, mai sanyi na saya, kuma ba na jin kunya. Gardamar ma ba ta mutu ba, abokina ya ci gaba da cewa laifin taya ne. Abin da ya canza a wurina shi ne na rage saurin dariya. Ranar nan na ga abubuwa uku da na saba rainawa, tsohuwar mota, da mutum marar surutu, da tsoho mai ɗinkin hula, kowanne ya yi abin da ni mai baki ban iya ba.

Kuma har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take. Tafiyar da aka fara da ƙafa tun kafin a haifi kowa a cikinmu, ta tsaya a bakin kogi shekara da shekaru, sai ga shi Allah ya sa ni a cikin waɗanda suka tura ta. Ban yi komai ba face murɗa ƙarfe sau huɗu, ina tsaye cikin ruwa, ina jin tsoro. Amma in aka tambaye ni aikin da na fi fatan a karɓa mini, shi nake fara tunawa.