Malam Zakiyyu Mai Hoto da Fuskar da Ta Ƙi Fita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Maris, 2025, da hantsi, 'yarka Huseina ta kira ni daga Makarfi tana kuka. Malam Zakiyyu mai hoto, aminina na shekara arba'in, ka riga mu gidan gaskiya.

Kowa ya koma hoton waya, kai ka ƙi sakin tsohuwar kyamararka mai fim. Idan aka leƙa tagarta, mutum kan rabu biyu, sai a murza gilashin gaba har ya haɗe, sannan a danna. Ka sha gaya mini idan ta bugu, tagar kan yi ƙarya: mutum ya haɗe a ido, hoto ya fito dishi-dishi. Shi ya sa duk safiyar Juma'a kake jingina jarida da bango, ka auna mita ɗaya da tef ɗin tela, ka buɗe bayan kyamarar, ka manna takarda shara-shara a mazaunin fim, ka duba ko rubutun ya fito tar. Mu yi ta tsokanarka, kai kuwa ka ce, "Tukur, wani wannan hoton kaɗai 'ya'yansa za su gada." Tsofaffin garin Gazara nawa ka ɗauka kyauta saboda haka?

To, ga abin da ke ci na. A tafiyarmu Paki watan jiya, kana alwala, na ɗauki kyamarar ina dubawa, ta suɓuce mini ta bugi dutse. Na goge ta na yi shiru don gudun faɗanka. Da la'asar ka miƙo mini ita, abin da ba ka taɓa yi ba, ka ce in ɗauke ka, jiki ya fara ƙi. Na murza har ka haɗe, na danna. Daga dawowarmu ciwo ya kwantar da kai, ba ka sake gwada ta ba.

Ran sadakar bakwai Huseina ta ce duk gidan babu hotonka, don ba ka yarda a ɗauke ka da waya. Na ce mata akwai guda. Jiya aka wanko fim ɗin. Katangar da ke bayanka ta fito har tsagar jikinta, fuskarka kuwa kamar hayaƙi. Wallahi da na buɗe baki, minti goma ya ishe ka ka saita ta.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba uwargidanka Murja da 'ya'yanka haƙurin wannan rashi.

Huseina, gobe zan kawo miki hoton yadda yake, in gaya miki da bakina. Ke ki yafe mini. Wurin mahaifinki kam na makara.